Hannun Mai Gora

Shekara ashirin da shida na yi ina kallon ƙeyar mutum ɗaya. Ba zagi ba ne, aikin ne ya zo da haka. Ni ke tuƙa babban jirgin Hajiya, wanda ke ɗaukar masu zuwa shan iska a kogi, mu haura da su har ƙarƙashin gada mu juyo. Direba can baya yake zama wajen inji. A gabansa ga rumfa, ga benci shida, ga mutum ashirin da ba su iya zama wuri ɗaya ba. Wannan ya miƙe zai ɗauki hoto, waccan ta ɗaga jaririnta wai ya ga ruwa. In jirgi ya ɗau gudu kuma, goshinsa ɗagawa yake yi. To ruwan da ke gabana ni ba na ganinsa. Abin da nake gani shi ne mutumin da ke tsaye kan akwati a goshin jirgi da doguwar gora a hannu. In ya ɗaga hannun dama in karkata dama, in ya ɗaga hagu in yi hagu. Ba na tambaya, domin kafin ka tambaya kun hau abin.

Mutumin nan shi ne Mai Gora, mijin yayata. Ita yayar tawa ita ta goye ni, shi ya sa nake ce mata Inna. Shi kuma tun ranar da ya aure ta yake kirana Auta, har yau da furfura ta cinye mini gemu.

Asalinsa mai ɗiban yashi ne. Tun yana saurayi yake nutso da bokiti a ƙasan kogin nan, ya san inda yake da rami da inda yake da tudu. Lokacin da mijin Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya sayi jirgi na farko, sau uku farfela tana karyewa a wata ɗaya. Ran nan Mai Gora yana bakin gaɓa yana shanya jiki, ya ga suna jan jirgin da igiya, ya ce da marigayi, "Alhaji, ba injinka ne mara kyau ba, jirginka ne ba shi da ido." Washegari aka ɗora shi a goshi. Bai sake riƙe bokitin yashi ba.

Mutane suna zuwa da tabarau da lemo suna cewa kai, kogi akwai kyau. Mu da muke kwana mu tashi a kansa mun san juji ne mai tafiya. Ruwan farko na damina in ya sauka, duk abin da gari ya zubar a kwata tun bara mu yake kawo wa: leda, robobi, tsohuwar katifa, mushen akuya ya kumbura ya yi sama da ƙafafu. Mun taɓa haɗuwa da firji sukutum yana tafiya abinsa. In damina ta yi tsakiya gaɓa ta fara zaftarewa, sai itatuwa su taho da saiwarsu da ganyensu. Waɗannan ma da sauƙi, ko yaro ya gan su. Wanda ke kashe mutane shi ne gungumen da ya sha ruwa ya ƙoshi, bai nutse ba kuma bai taso ba, yana tafiya kamar taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa. Mai Gora yana ce masa munafuki. Ba a ganinsa, sai dai a ga ruwan ya ɗan yi laushi a wurin, ya yi santsi fiye da na gefensa. Ni na yi shekaru ana nuna mini wannan santsin ban taɓa rantsewa na gan shi ba. Shi kuwa tun daga nesa zai ɗaga hannu, mu wuce, in leƙa in ga baƙin abu yana bin gefen jirgi kamar kada.

In ruwa ya ja baya, rani ya shigo, sai komai ya zauna inda ruwa ya yar da shi. Gungume ya kafe a yashi, tsohuwar ragar masunta ta naɗe a kututture tana jiran farfela, kainuwa ta taru a lungu. A lokacin nan aiki yana sauƙi, domin abin da ka gani jiya yana nan yau.

Shi ba mai hira da fasinja ba ne. In wata ta ce, "Baba, juyo in ɗauke ka hoto," sai ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Hajiya, ɗauki bayan, ya fi gaban kyau." Kuma ba ya iya ganin abu mai amfani a ruwa ya bar shi. Ƙofar banɗakinsu kogi ne ya kawo ta. Kujeru biyu na roba da ke tsakar gida, ɗaya ja ɗaya fara, kogi ne. Inna tana cewa in da kogi yana kawo matan aure, da tuni ya tsamo ɗaya ya shanya ta a kan igiya.

A ranin bana ne na gane.

Akwai wani gungume da ya kafe kusa da inda mata ke wanki tun ƙarshen damina. Kullum in mun zo nan sai ya ɗaga hagu, mu kewaye. Wata Talata, ranar da ba ma fita, shi yana gida, masunta suka haɗu suka ja gungumen da igiya suka fasa shi itacen girki. A gabana aka yi, har na kama musu. Na manta ban gaya masa ba. Ranar Laraba muka zo wurin, sai ga hannun hagu ya tashi. Na karkata, jiki ya saba. Na ce a raina ƙila wani abin ya gani. Alhamis ma haka. Ranar Juma'a na miƙe na leƙa da kyau. Ruwa ne fes, har yashin ƙasa ana gani. Muka kewaye wurin da babu komai, a daidai inda muka saba, ba ƙari ba ragi.

Na fara lura da abubuwan da da ban kula ba. Ashe shi ya sa tun bara yake riga kowa zuwa tasha, ya ɗauki ƙaramin kwalekwale ya bi hanyar shi kaɗai yana caka gora. Yana cewa motsa jini yake yi. Hanyar yake haddacewa. Yana ƙirga bugun inji, yana jin muryar masu wanki da ƙarar motoci a kan gada, da su yake sanin inda muke.

Da yamma na je wajen Inna. Na same ta a bakin murhu, shi ya fita. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ce, "Inna, idon Yaya lafiya kuwa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da gyara itace. Can ta ce, "Sai yanzu ka gani? Ni shekara guda ke nan ina sa masa kofi a cikin hannu."

"Kun je asibiti?"

"Mun je, can nesa inda ba a san mu ba. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare. Jijiyar ce ke mutuwa a hankali. Abin da ya tafi ya tafi, sauran ake lallaɓawa da magani. Yana ganin haske, yana ganin mutum in ya matso."

Na ce, "Inna, rayukan mutane fa muke ɗauka."

Sai a lokacin ta dube ni. "Na sani, Auta. Kana tsammani ina barci? Amma mutumin nan tun da aka haife shi abu ɗaya aka taɓa yaba masa da shi a duniya. Ranar da aka sauke shi daga kan akwatin nan, ka zo ka taya ni haƙa kabari. Ka bar shi ya kai damina, shi da kansa ya ce zai sauka."

Gaba kura, baya siyaki. Na tashi na koma gida.

Na gwada yi masa magana sau ɗaya. Muna zaune a inuwar jirgi muna cire igiya daga farfela, na ce, "Yaya, gungumen wajen masu wanki fa an cire shi." Hannunsa ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. Ya ce, "Na sani. Gwada ka nake yi in ga ko kana barci a bayan nan." Ya yi dariya, ni ma na yi. Washegari bai ɗaga hannu a wurin ba. Iyakar abin da maganata ta gyara ke nan.

Da na ga haka sai na nemo guntun bututun ƙarfe na zura a hannun inji, ya ƙara tsawo, yadda zan iya tuƙi a tsaye. Na sa akwatin lemo na hau kai, ina leƙe ta saman rumfa. Hajiya ta ce mene ne haka, na ce ciwon baya ne, likita ya hana ni zama. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Na rage gudu, fasinja suna ƙorafi wai jaki ma ya fi mu sauri. Tun daga ranar ni ne direba kuma ni ne ido, a wurin da ba a gina shi don gani ba. Kullum in na koma gida wuyana ba ya juyawa, idona kamar an zuba barkono. Matata ta ce na koma faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Gaskiyarta.

Bazara ta wuce, hadari ya fara haɗuwa. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Na zuba ido in ji ya ce ya sauka. Shiru. Na tambayi Inna, ta ce ya ce sai ƙarshen wata. Wata ya ƙare, ya ce sai ruwa ya fara ja baya. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Yanzu kuwa haddar ba ta da amfani, domin abin da ya taɓa da gora da safe kafin hantsi ya yi gaba, wani ya maye gurbinsa. Sai ya koma wata dabara da ta fi ba ni tausayi. Yana jin jirgi a tafin ƙafarsa. Da zarar na fara karkata, sai ya yi maza ya ɗaga hannun wannan ɓangaren. Wanda ke kallo zai rantse shi ya ba da umarni. Ni na san ya sani, shi ma ya san na sani, kuma ba wanda ya ce uffan. Gaisuwarmu ma ta koma ta baƙi. Na gaji, wallahi na gaji, har na fara jin haushinsa, ina kallon ƙeyar nan ina ce mata maganganu a raina.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, ruwa ya cika ya yi ja. Mun ɗauko wasu ma'aikatan ofis da iyalansu. Muna dawowa daga gada, ruwa na tura mu. Ina tsaye kan akwatin lemo sai na ga wani wuri a gabanmu ya yi santsi. Santsin nan da aka yi shekaru ana nuna mini, ran nan na gan shi. Na dubi Mai Gora, hannuwansa biyu suna kan gora, yana tsaye ƙyam. Na danne bututun da duk ƙarfina. Jirgi ya kwanta gefe ɗaya, ruwa ya shigo ta baki, mata suka sa salati. Na ga baƙin gungume ya wuce ta gefena, kaurinsa ya fi ganga, tsakaninsa da farfela bai kai kamu ɗaya ba. Ni kaɗai na gan shi. Kowa yana ta kansa.

Wata mata ta faɗo daga benci ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Har yanzu ina jin ihunta.

Kafin mu ɗaure jirgi labari ya kai wa Hajiya. Ta fito daga rumfar tikiti mayafi a hannu. Mijin matar yana ta kumfar baki, yana cewa direban nan mahaukaci ne, ruwa lafiya lau ya murɗe jirgi. Hajiya ta sa aka tafi da matar asibiti a motarta, sannan ta juyo kaina.

"Auta, me ya faru?"

"Gungume ne, Hajiya. Na ƙarƙashin ruwa."

Wani cikin fasinja ya ce, "Ƙarya ne. Ina kallon tsohon nan, bai ɗaga hannu ba."

Shi ke nan. A tashar nan in Mai Gora bai ɗaga hannu ba, to babu komai a ruwa. Haka kowa ya tashi ya tarar, ni ma haka na koya wa duk direban da ya zo bayana. Hajiya ta juya wajensa, ta sassauta murya yadda take yi masa tun zamanin mijinta.

"Baba Mai Gora, kai za ka raba mu. Akwai abu a ruwan nan?"

Yana tsaye ya jingina da gora. Na dube shi. Ban roƙe shi da baki ba, amma Allah ya sani na roƙe shi.

Ya ce, "Ruwa lafiya yake, Hajiya."

Hajiya ta miƙo hannu na ba ta makullin inji. Ta ce dama tun da na fara hawa akwati ina tuƙi a tsaye kamar mai wasa ta san ba lafiya ba. In je gida in huta har sai ta neme ni. Gobe direban ƙaramin jirgi zai ja babba. Da na buɗe baki a lokacin da magana ta ƙare, amma fuskar Inna ta tsaya mini a rai. Na cire bututuna na saɓa a kafaɗa na tafi.

Ban je gidan Mai Gora ba. Inna ce ta zo kafin magariba, ta zauna a bakin ƙofa ba ta ko cire takalmi ba. Ta ce tun da ya dawo ya shiga ɗaki ya juya wa bango fuska, ko ruwa bai sha ba. Na ce mata ni ba korar ce ta dame ni ba. Direban ƙaramin jirgi ni na koya masa aiki. Na ce masa kada ya kuskura ya dubi ruwa, hannu kawai zai duba, kuma mutum ne mai jin magana. Gobe Lahadi, jirgi zai cika da yara.

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Ni na hana ka, ni na ja maka. In ka faɗa gobe ba zan riƙe ka a zuciya ba." Ta tashi tana share ido da bakin zane. Ban taɓa ganin ta tsufa ba sai ran nan.

Da hantsi na isa tasha. Na tsaya bayan rumfar tikiti inda ake tara jarkokin mai. An yi ruwa da asuba, kogi ya ƙara cika, ga ganye da rassa suna wucewa, alamar gaɓa ta zube a can sama. Fasinja suna shiga, wani magidanci da matansa da 'ya'ya da jikoki, ana ta ɗaura wa yara rigunan hana nutsewa suna tsalle. Sabon direba ya zauna a wurina, ya gyara zama, ya kafa ido a goshin jirgi yadda na koya masa. Mai Gora yana kan akwatinsa tun kafin kowa ya zo.

Na ce bari in ƙirga goma in je wajen Hajiya. Na ƙirga goma. Na sake ƙirgawa. Inji ya tashi. Mai kwance igiya ya sunkuya. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa, kuma har gobe ban san ko da zan yi maganar ba. Ina so in ce da na yi, amma ban sani ba.

Sai na ji muryar Mai Gora. "Kashe injin nan."

Direba ya kashe. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a jikin jirgi.

"Auta!" Bai juyo daidai inda nake ba, ya ɗan kauce. "Na san kana nan, tun ɗazu nake jin tarinka."

Na fito. Hajiya ma ta fito.

Ya ɗaga murya yadda har masu wanki za su ji. "Jiya akwai gungume. Auta ne ya gan shi, ni ban ga komai ba, kuma na yi masa ƙarya a gaban mutane. Tun rani shi ke jan jirgin nan shi kaɗai." Ya miƙo hannu. "Zo ka kama ni ka sauke ni. Ba na ganin katakon da ake takawa a sauka."

Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi." Na bi ta tsakanin benci, yara suna janye ƙafafu. Na kama shi ya sauko daga kan akwati. Bai kai nauyin da nake zato ba. Ya laluba ya jingine gorar a jikin rumfa. Muka taka katakon tare, ina ce masa saura taku uku, saura biyu.

Da muka hau tudu Hajiya ta biyo mu da makulli tana cewa wani abu, na ce mata sai na dawo. Muka bi ta gaban masu sayar da lemo da masu gyaran raga, mutanen da suka yi shekara talatin suna gaishe shi tun daga nesa. Duk sun miƙe tsaye.

Ya matso da bakinsa kusa da kunnena. "Mutane suna kallo?"

Na ce, "Ba mai kallo, Yaya. Kowa na harkarsa."

"Ƙarya kake, Auta."

"Ƙarya nake."

Ya gyaɗa kai, ya ƙara riƙe ni. Muka kama hanyar gida a hankali, ina gaya masa inda akwai dutse.